Ɗiyar Fari a Bayan Duwatsun Barmu

Ni dai yawon buɗe ido na shirya, ba neman kowa ba. Shekarata ta farko ke nan ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Tawa, zamanin Nasara, yara na ce mini mushe, wato malam da Faransanci, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Da aka ba mu bakansi, wato hutun damina, sai na ƙudura zan hau duwatsun Adar in yi mako guda. Shugaban lakwal ɗinmu, wani Bafaranshe mai jan wuya, shi ya cika mini kunne da su. Kullum sai ya ce mu ƴan ƙasa ba mu san abin da Allah ya ba mu ba, wai a kan tudun can har duwatsu masu siffar katantanwa ake tsinta. Abin ya riƙa ƙona mini rai, a ce baƙo ne zai ba ni labarin bayan gidanmu. Na sayi takalmi sau-ciki, na ari jakin maƙwabcinmu mai sayar da itace.

Ina cikin ɗaure kaya Inna ta fito daga ɗaki da ƙullinta a hannu, ta ce, "Da ni za ka tahi."

Na ce, "Ina, Inna? Ke da ko rijiya sai an riƙe miki hannu?"

Ta ce, "Shi ya sa."

Inna tana da amodari. Gashin idonta ya juya ciki yana gogar ƙwayar, kullum ido na hawaye, ƙanwarta ce ke zama da hantsaki tana cire mata. A lokacin tana gane fuskar mutum in ya matso kusa, amma in ya yi nisa kamar daga zaure zuwa tsakar gida, sai dai ta gane shi da murya. Likitan Tawa ya faɗa mini a gefe cewa abin da ya rage ba zai kai kaka ba. Ban gaya mata ba, amma mai ido ya fi likita sanin idonsa.

Na san abin da take nufi, don duk gidan an sani. Ina da yaya mace, ita ce ɗiyar fari ta Inna. Shekarar da fara ta cinye hatsin Adar, ina goye, muna wani ƙauye a gindin dutse bayan Barmu. Kakarmu da ke riƙon yarinyar ta mutu, mahaifinmu an tafi da shi aikin dole na hanyar mota bai dawo ba. Inna ta ga ba za ta iya kai mu mu biyu Tawa da rai ba. Akwai wata Buzuwa da ta saba kawo wa gidanmu nono tana karɓar gero, sai Inna ta ba ta amanar yarinyar, a kan in an samu damina ta zo ta ɗauka. Damina ta zo, Buzayen sun tashi sun yi arewa gudun haraji da kamun raƙuma. Daga nan shiru, har na girma na yi gemu.

To sai ga shi ana saura kwanaki kaɗan tafiyata, wani mai sayar da cuku a kasuwar Tawa ya ce wa ƙanwar Inna akwai wata mata a zangon Buzaye kan tudun Barmu, ba ta jin Hausa, amma tsagar Adarawa ce a kumatunta, irin ta gidanmu. Ya kuma ce a hanzarta, don hatsi ya fara tashi, makiyaya na gab da kwashe dabbobi su yi ƙasar gishiri, ba sa dawowa sai bayan girbi. Bayan girbi kuwa Inna ba ta da idon gani.

Ban taɓa jin sunan yayata a bakin Inna ba. Ɗiyar fari ce, ba a faɗi. In dole ta kama sai ta ce "waccan". Ko a ranar ma cewa ta yi, "An ce an ga waccan." Na ɗora ta kan jakin, ni na bi da ƙafa, raina a ɓace, don na ga yawona ya zama jinya.

Daga Tawa zuwa Barmu ƙasa ta yi kore shar, irin koren da ba ya daɗewa a wurinmu. Gero ya kai gwiwa, tafasa ta rufe gefen hanya, gawo ne kawai ya tsaya tsirara yadda ya saba in ruwa ya sauka. Mutane duk suna gona. Duk wanda muka wuce sai ya miƙe ya dafa ƙugu ya gaishe mu, ya dubi takalmina ya dubi jakin, ya koma bakin aikinsa yana murmushi. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya same mu a fili. Muka fake a gindin wata aduwa da ba ta tare komai, na lulluɓe Inna da bargona. Na yi ta mita. Da muka isa bakin kwari muka tarar ya cika ya kawo, ruwa ja yana tafe da itatuwa da mushen akuya. Dole muka koma wani ƙauye muka jira ya janye, kwana ya tafi a banza. Inna ta wuni tana tambayar duk wanda ya shigo ko ya ga Buzaye sun fara wucewa.

Daga Barmu muka karkata zuwa ƙauyen da aka haife ni. Ban san shi ba, amma ita ƙafarta ta sani. Yana manne da gindin dutse, gidajen rabi laka rabi dutse, rumbuna manya-manya masu tumbi sun fi ɗakunan girma. Mun tarar ana gayya a gonar mai gari, samari sun jeru da hauya, makaɗi na biye da su yana zuga su ɗaya bayan ɗaya, ƴan mata na tafe da ƙoren hura a ka. Na tsaya kallo, don irin abin da na fito gani ke nan. Inna ta ce in ja jakin mu wuce.

Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya, ƙawar kakarmu, ita ta sauke mu. Ta shafa fuskar Inna da hannu biyu ta yi ta kuka, sannan ta juyo kaina ta ce, "Wanga shi na goyon? Kai, Nasara sun kiwata ka. Ran da kunka bar garin ga, na ce ba ka kai Barmu." Ta ba mu tuwon gero da miyar tafasa. Ta kai ni ta nuna mini inda gidanmu yake da, yanzu gonar kuɓewa ce, sai gindin rumbu ɗaya da ya rage. Ta nuna mini anza a gefen dutse, ta ce ita aka ci waccan shekarar, a jiƙa ƴaƴan kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita, wanda ya gaza jira kuma cikinsa ya kumbura. Na tsinki ɗaya na tauna don in ji. Har na kwanta ɗacin bai bar harshena ba.

Washegari muka hau. Hanyar awaki ce, duwatsu baƙaƙe da jajaye masu kaifi, jaki ma sai da lallashi. Inna ta sauka ta kama gefen rigata. Kafin mu kai rabi takalmina na dama ya buɗe baki, na cire su duka na rataya a wuyan jakin. Inna ta ji ina tsaki ta ce, "Mushe, ina takalman?" Na ce jaki ya ara. Dariyarta ke nan guda a duk tafiyar.

Kan tudun shimfiɗe yake kamar faifai, ba ka cewa ka hau komai sai ka je baki ka leƙa. Na leƙa kuwa. Kwari ya miƙe a ƙasa har inda ido ya ƙare, gonaki kore, tafkuna na walƙiya, ƙauyuka kamar an watsa tsaba, inuwar gajimare na tafiya a kansu. Can nesa ruwa na zuba a wani gari, nan kuma rana. Gaskiyar Bafaranshen nan, wurin yana da kyau, kuma na ji haushin gaskiyar tasa. Na ce, "Inna, dubi." Ta ɗaga kai ta kare ido da hannu, ta ce, "Kore dai nika gani." Na sami duwatsun katantanwar ma, birjik a wata zabgewar ƙasa. Na sa mata ɗaya a hannu na ce an ce da can duk nan ruwa ne. Ta juya shi ta shafa, ta miƙo mini ta ce mu tafi rana na yi.

Zangon farko da aka kwatanta mana mun tarar an tashi. Sai toka da kashin raƙuma da ramukan turaku, tokar ma ruwa ya daka ta. Inna ta durƙusa ta tona da yatsa ko za ta ji ɗumi, ba ta ji ba. Nan ne na fara jin tsoro na gaske, ba haushi ba. Muka yi ta bulayi a kan tudun nan, mu kwana a bukkar masu gona, mu tashi mu bi sawun dabbobi. Guzurinmu ya kusa ƙarewa, idon Inna ya yi jawur saboda iska, ba mai cire mata gashin. Na gwada da hannuna na kasa.

Ana gobe za mu juya, wani mai kiwon awaki ya nuna mana wani lungu tsakanin duwatsu biyu, inda ruwa ya taru. Nan muka same su. Bukkokin jar fata ne ƙanana, an kewaye su da asabari, raƙuma na kiwo a gangare. Wani dogon mutum mai baƙin rawani, idanunsa kawai ake gani, ya taso ya tare mu. Yana jin Hausar kasuwa. Na faɗa masa ko mu su wane ne. Ya dubi kumatuna, sannan ya ce matar da muke nema matarsa ce, tsohuwar da aka ba amanar kuma uwarsa ce, ta daɗe da rasuwa. Ya ce har ta mutu tana cewa masu yarinya za su zo.

Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar bukka, aka kawo nonon raƙumi a akushi. Sai ga ta ta fito.

Ban buƙaci a ce mini ita ce ba. Inna ce sak, Inna ta lokacin da nake yaro, sai dai ta fi tsawo, shuni ya rina mata wuya da hannuwa. Tsagarmu na nan a kumatunta. Ta zo kai tsaye, ba sunkuyawa ba rufe fuska, don matansu haka suke. Ta durƙusa dab da Inna, kusan gwiwa na taɓa gwiwa, daidai nisan da idon Inna ke iya gani. Ta miƙa hannu.

Inna ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, ta juya kai wajen asabari. Ta ce da ni, "Tambaye su ko suna lahiya."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce a hankali, "Inna, ga ta nan gabanki." Ta ce, "Na ji. Tambaye su ya dabbobi." Hannun yayata na nan a miƙe, har ta gaji ta sauke shi a cinya. Ta yi magana da yarensu, mijin ya juya mini. Ya ce tana tambaya, ko tsohuwar ba ta gane ta ba ne.

Na shiga bayani, ni mushe mai bayani. Na ce ta gane ta sarai. Na ce a wurinmu uwa ba ta duban ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi a gaban mutane, balle ga suruki zaune. Na ce kunya ce, kuma girman kunyar shi ne girman son. Mijin ya juya mata. Ta saurara har ya gama, idonta na kan ƙeyar Inna. Sannan ta yi magana doguwa, muryarta ba ta tashi ba. Mijin ya yi jinkiri kafin ya faɗa, sai da na matsa masa.

Ya ce, ta ce Hausa ta ɓace mata, sunan garinsu ya ɓace mata, amma abu ɗaya bai ɓace ba. Ran da aka kawo ta aka sa hannunta a hannun tsohuwa, ta yi ta kallon uwarta ko za ta dube ta, ba ta duba ba. Ta bi ta da kuka har bakin dutse, uwar ba ta waiwayo ba. Ta girma tana cewa don ba a son ta ne aka zaɓe ta aka bar wa baƙi, aka tafi da namijin. Ta ce yau da aka ce uwarta ta hau dutse da ciwon ido don ta, ta ce ashe ƙarya zuciyarta ta yi mata. Ga shi kuma ta zo, ta ga ƙeyar da ta sani.

Inna ta ji duka, don da Hausa aka faɗa. Amma ba ta juyo ba. Yayata ta tashi ta shige bukka.

Na ja Inna bayan wani dutse, kuma Allah ya sani ban tauna maganata ba. Na ce mun bar Tawa, ruwa ya dake mu, ƙafata ta fashe, duk don ki zo ki kalli asabari? Na ce wa zai gan ki a nan, wa zai kai labari Tawa? Waɗannan mutanen ba su ma san wannan kunyar ba. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Kai ba ka sani ba. Na yi niyya. Tun daga gida nika cewa in na zo sai in dube ta. Da ta zamna gabana, wuyana ya ƙiya." Ta share idon da gefen mayafi ta ce, "Ko waccan ranar, da na waiwaya ba ni iya tahiya. Da mun mutu mu uku." Na ce to ki faɗa mata haka. Ta ce, "Gobe, in mijin ya tahi wurin raƙuma."

Da yamma ta kwance ƙullinta. Ashe gero ta ɗauko tun daga Tawa, da baƙin zane sabo. Ta ari turmi ta daka da kanta, ta dama hura da nononsu, ta ba ni har da zanen ta ce in kai ciki. Na kai. Yayata ta karɓa ta riƙe ƙwaryar, ta daɗe tana shinshina ta, sannan ta sha. Ba ni da yaren da zan ce mata komai.

Gobe ba ta zo yadda Inna ta so ba. Da hantsi muka ga ana kwance bukkoki. Ashe tun jiya manoman gangare sun aiko cewa raƙuma sun shiga gero, in ba a tashi ba za su kai ƙara wurin kumandan, Baturen mulki, a turo gardi, wato dogarin Nasara. Zango ya hargitse, maza na ɗaure kaya, mata na naɗe fatu, mijin yana tsaye a tsakiya yana ba da umarni, ba inda za shi. Yayata na ta kai da kawo a gabanmu, ta ɗaura baƙin zanen nan. Duk wucewar da za ta yi, Inna sai ta sunkuyar da kai.

Sai wata ƴar yarinya ta zo ta tsaya tana kallon mu, ƴar yayata ce, ba ta wuce shekarun da uwarta take da su ba lokacin da aka bar ta. Jika ba kunya tsakani. Inna ta fizgo ta, ta kama fuskarta da hannu biyu ta kawo dab da tata, ta yi ta kallo. Ta duba goshi, ta duba hanci, ta buɗe mata baki ta ga giɓi. Tana cewa, "Ke mummuna, wa ya ba ki wannan goshi? Kin ci kin ƙoshi, ko? Ba a bar ki da yunwa ba, ko?" Hawaye na zuba, ba na amodari ba. Yarinyar ta tsorata tana son ƙwacewa, Inna ta ƙi saki. Na ɗaga kai na ga yayata ta tsaya cak da igiya a hannu tana kallonsu. Ko ta gane da wa ake maganar, ban sani ba, har yau ban sani ba. Ta zo ta ɗauki ɗiyarta ta aza kan jaki, ta ajiye cuku guda a kan tabarma kusa da ƙafar Inna, ta hau.

Suka kama hanya, raƙuma a gaba, jakuna da mata a baya. Inna na zaune kanta a ƙasa har ƙarar akushi da kukan awaki suka fara nisa. Sannan ta miƙe, ta yaye mayafin gaba ɗaya, ta kare ido da hannu.

Ta ce, "Wacce ta cikinsu?"

Na ce, "Ta ƙarshe, mai baƙin zane."

Ta ƙura ido, ta matse su, ta goge, ta sake ƙurawa. Ba ma wajen take kallo ba, ta karkata wajen wani dutse. Na kama kafaɗunta na juya ta daidai. A lokacin yayata ta waiwayo a kan jakin. Ta ga Inna tsaye, fuska a buɗe, tana fuskantar ta. Ta tsayar da jakin, ta daɗe a haka, sauran na ta wucewa. Sannan ta ɗaga hannu.

Na ce, "Inna, ta waiwayo. Ta ɗaga miki hannu."

Ta ɗaga nata. Ta ce, "Ban ga komi ba."

Muka sauko dutsen. Sai da muka kusa Barmu ta ce in faɗa mata yadda take. Na faɗa, tsawonta, idonta, yadda take tafiya. Ta ce in sake. Haka muka yi har Tawa, kuma haka muka yi shekarun da suka rage mata, don kafin a yanke gero idon ya rufe. Da rani na koma tudun ni kaɗai, na koma wata shekarar ma, ba wanda ya san inda zangon ya sauka. Da aka koma lakwal Bafaranshen ya tambaye ni ko na ga duwatsun, na ce na gani.

Cukun nan Inna ba ta ci ba, ba ta bari kowa ya ci ba. Yana cikin ƙullinta har ya bushe ya zama kamar ƙashi. In ta ji gidan ya yi shiru sai ta kira ni ta ce, "Zo ka hwaɗa mini waccan." Ni kuma in zauna in fara daga goshi.